Shuɗin injin sharar Apung Dorong

A layinmu na bayan kasuwar Angeles, in ka ce Teodoro Lacsamana ba wanda zai gane wa kake nufi, sai ka ce Apung Dorong mai injinan shara (Apung dai haka muke kiran dattijo ko dattijuwa). Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma a ƙofar gida nake sayar da shinkafa da gasasshen kifi, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Tun yana saurayi yake aikin gida a sansanin sojan saman Amurka da ke gefen gari. A can ya fara riƙe injin shara, irin mai zuƙe ƙurar nan, gangar ƙarfe a kan ƙananan tayoyi da doguwar tiyo, kana tafiya yana binka a baya. A can kuma ya gamu da Apung Sela, wadda ya aura daga baya, tana wanki da guga a gidan da yake aiki. Da maigidan ya tashi komawa ƙasarsu, matarsa ta ce kowa ya zaɓi abu guda. Sela ta ɗauki dutsen guga. Dorong ya rungumi injin, shuɗi mai ratsin azurfa a gefe, wanda ko a lokacin ma ya kwana biyu a duniya.

Daga nan abin ya shige masa rai. Duk Ba'amurken da zai tafi, Dorong na bakin ƙofarsa yana tambayar tsohon inji. Shagunan gwanjo na Dau, garin da ke maƙwabtaka da mu, kuwa, har sun san takunsa. Da zagayayye, da dogo kamar bututu, da wani mai ruwan ƙasa wanda maimakon taya ƙarafa ne a ƙarƙashinsa yake sulɓi a kansu, duk ya jera su a falo har baƙo sai ya karkace kafin ya sami kujera. Abin haushin, bai taɓa share gidansa da ko ɗaya ba. Sela ce ke shara da tsintsiyarta safe da yamma, tana zagaye su. Shi nasa ranar Lahadi ne bayan coci: ya fito da su, ya goge, ya kunna su ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuyar da kai yana saurare.

Sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Luring, kin ji wannan? Ko tari ba ya yi."

In ce, "Na ji, Apung. Masu cin abincina ma sun ji, ga su can sun tashi."

Shuɗin ne ɗan lelensa. Sauran duk an taɓa buɗe cikinsu an sake naɗa musu kwayil, wato wayar cikin inji, a wurin masu gyara, kuma a cewarsa injin da aka sake wa naɗi muryarsa ta tafi ke nan, ko da yana aiki. Shuɗin kaɗai ke da cikinsa na asali, ba hannun da ya taɓa shi.

Abin da yake tsoro a rayuwarsa guda ne, wutar bango. Kayan Amurka wutar ɗari da goma suke sha, tamu ɗari biyu da ashirin ce, ga bakin soket ɗin iri ɗaya sak. A garin nan da wuya ka sami gidan da bai taɓa ƙona rediyo ko fanka ta wannan hanya ba, ni kaina tukunyar dafa shinkafa na yi asara. Dorong yana da ƙaramar taransifoma mai rage wuta, ya shafa mata jan fenti, ya ajiye ta a lungun falo ƙarƙashin taga, dab da soket ɗin bango. A jikinta ake jona inji, ba a bango ba. Wannan karatun ya yi wa matarsa, ya yi wa maƙwabta, har mai karanta mita bai tsira ba.

Shekarar da dutsen Pinatubo ya yi aman wuta, toka ta rufe garin, kowa ya fita da abin da ya fi so. Na ga Sela da tukunya a hannu ɗaya, gunkin waliyyinta a ɗayan. Dorong na bayanta da shuɗin inji a ka, ya naɗe shi da bargo, shi kuwa toka na zuba masa a ido. Da aka dawo, mutanen layi suka yi ta sallama a ƙofarsa, a ara musu inji su zuƙe tokar da ta cika ɗakuna. Ya hana kowa, wai toka yashi ce, cinye inji take yi. An zage shi sosai a lokacin, ni ma ban yi shiru ba. Ya tattara zagin ya ajiye, ya ɗauki shebur ya taya mutane kwasa.

Sela ba ta taɓa son injinan ba, kuma ba ta ɓoye ba. Takan ce ta auri mutum da garken dabbobin da ba sa ba da nono ba sa yin ƙwai. Amma da ciwo ya kwantar da ita, wata rana da hantsi na kai mata romon kaza, na tarar da shi zaune a gefen gado, sai ta ce masa:

"Dorong, in na tafi gidan nan zai yi datti, ka san halin 'yan zaman makoki. Ranar da aka fita da ni, ka share shi da shuɗin nan naka. Shekara da shekaru ina zagaye shi da tsintsiya, ya yi mini aiki ko sau ɗaya mana."

Ya ce, "Haba Sela, wace irin magana ce wannan?"

"Magana ce ta mai hankali. Luring, ke ce shaida."

Na ce na shaida. Shi ma ya amsa, murya ƙasa-ƙasa.

Ba ta kai ƙarshen damina ba. Masu kawo akwatin gawa suka zo da labulensu da fitilunsu, suka ce sai an buɗe falo. Aka kwashe injinan zuwa ɗakin baya, har da jar taransifomar, aka ajiye akwatin a ƙarƙashin taga, suka jona fitilunsu a bango. Dorong yana zaune yana kallo.

A al'adarmu gawa kan yi kwanaki a gida ana zaman makoki, kuma muddin tana ciki ba a shara, kowa ya san wannan, kada a share wani rai ya bi mamaci. To ga mutane ba dare ba rana, ana karta, ana shan kofi, ana ɓarar 'ya'yan kankana da gyaɗa ana zubar da ɓawo a ƙasa. Kafin mako ya zagayo sai ka ji ƙaras-ƙaras duk inda ka taka. Mutumin da ƙura a kan murfin inji take hana shi sukuni, ga shi zaune cikin wannan bola. Na lura ba ya kallon ƙasa sam. In wani ya zo gaisuwa ya tambaye shi yaya haƙuri, sai ya ce, "Ranar da aka fita da ita zan share."

Da ranar ta zo muka kai Sela makwanci da safe, muka dawo rana tsaka. A bakin ƙofa kowa ya wanke hannu da ruwan ganyen gwaiba, 'yan uwa suka zauna cin abinci a tsakar gida. Masu akwati sun riga sun kwashe kayansu, falo fayau, sai ɓawo da guntayen taba. Dorong bai ko cire farar rigarsa ba ya wuce ɗakin baya. Ya fito yana jan shuɗin inji, ya ɗaura tiyo, ya warware waya a hankali yadda ya saba. Ina tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Ya je lungun nan na ƙarƙashin taga, ya durƙusa, hannunsa ya tafi inda ya saba zuwa duk ranar Lahadi. Taransifoma ba ta nan, soket ɗin bango ne kawai a wurin. Kafin in buɗe baki ya jona, ya taka makunni.

Kai, ban taɓa jin injin nan ya yi irin wannan kuka ba. Ya zabura da ƙarfi ninki biyu, tiyo ta miƙe, ya zuƙe ɓawon da ke gabansa cikin ƙiftawar ido, har na ga fuskar Dorong ta washe. Sai ƙara ta sirance, wani abu ya yi fat a ciki, hayaƙi ya fito ta baya da warin ƙonanniyar waya.

Dorong ya miƙe yana kallon bangon. Abin da injin ya share bai fi faɗin tabarmar mutum ɗaya ba, daidai inda kan akwatin yake a da. Wani ɗan uwansa ya leƙo ya ce ai ba komai, akwai mai naɗi a Dau, gobe ma sai a kai. Dorong ya girgiza kai. Na ce, "Apung, ga sauran can a ɗaki, in ɗauko wani da taransifomar?"

Ya ce, "Shuɗin ta ce, Luring."

Ya zare wayar, ya naɗe ta, ya tura injin lungu. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan ajiye tiren. Ya tsaya yana waige-waige a falon nasa kamar baƙo, can ya juyo ya tambaye ni ko na san inda Sela take ajiye tsintsiyarta. Na nuna masa bayan ƙofar kicin. Ya ɗauko ta, bai ma iya riƙonta ba, ya sunkuya ya fara daga lungun taga.