Layin allin da ban zana wa Kawu Sule ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Kawu Sule makwancinsa a Panshekara. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, mutane suna ta cewa Habu ya riƙe zumunci. Yau zan faɗi abin da ba su sani ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu a Jigawa, ya sama mini gurbi a wani kamfanin ɗinka kayan makaranta a Sharada, inda yake ɗinka siket mai ninki na 'yan mata. Idan yadi mai layi-layi ne, layin zai ja ka. Namu kuwa shuɗi ne mai duhu, ba zane ba layi, babu abin da ido zai kama. Kawu yana da hanyarsa. Kafin almakashi ya taɓa yadi sai ya zare zare ɗaya daga baki zuwa baki, ya bi gurbin da zaren ya bari, don nan ne ainihin miƙewar yadin. Daga nan yake auna kowane ninki, ya danne da farcen babban yatsa, sannan ya hau keke. Ya sha gaya mini cewa yadin da aka yanka a karkace zai yi maka ladabi a ƙarƙashin dutsen guga, amma ranar da ya shiga ruwa zai koma inda ya fito.

Da aka ba ni teburin yanka, sai na ga zare zaren nan ɓata lokaci ne. Ina so manaja ya ga saurina. Na riƙa jibga yadi ina bi da injin yanka. Kawu ya yi mini magana sau biyu, na ce masa zamani ya wuce wannan. Aka kai wa wata makaranta kaya, yara suka wanke sau ɗaya, ninkin duk ya murɗe. Aka dawo da su cikin buhuna.

Manaja ya tara mu ya tambayi wanda ya ɓata aikin. Na san ni ne. Na kuma san wani abu da ni kaɗai na sani: idon Kawu ya fara tafiya, ni nake zura masa zare a allura kowace safiya kafin sauran su iso. Sai na ce matsalar daga idon Kawu take. Manaja bai yarda ba, don bai taɓa kama Kawu da laifin aiki ba. Na ɗauki ƙyallen yadi, na ɗora rula, na ja yatsana a jikinta ba tare da alli ba, na ajiye a gaban Kawu.

"Kawu, ga layin alli nan, ku bi shi."

Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa yadin, ya ce, "Na gani."

Dariya ta cika ɗakin. Shi kuwa ya lalubi bakin ƙyallen, ya zare zarensa, ya danne da farce, ya ɗinka. Kafin ya gama manaja ya juya ya tafi. Na karɓi ƙyallen na duba. Ninkin a miƙe yake sak. Na tura shi cikin aljihu. A satin aka sallami Kawu daga aiki.

Abin bai tsaya nan ba. Labari ya riga shi zuwa Bompai da Challawa, duk ƙofar da ya je neman aiki sai ya tarar an san tsohon da yake ganin layin da babu. Ma'aikata suka sa masa suna Na-gani, suna kiransa da shi daga tagar mota. Ni ma na taɓa dariya da aka faɗa a gabana, don kada a zarge ni. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗinka abin da ba ya murɗewa ya ƙare yana ɗinke bakin buhu a ƙofar wata masana'anta a Challawa.

Yanzu kamfanin namu ya rufe, ginin ya zama ma'ajiyar kaya. Inji ne ke danne ninki a yadin roba, ba wanda yake zare zare. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga siket ɗin da yara ke sawa yau. Ina jin ba zai zagi injin ba. Zai shafa ninkin da yatsa ne kawai, ya tambaya ko an taɓa wanke shi.

Bai taɓa tuhumata ba. Da ciwonsa ya yi tsanani na je duba shi, ya kama hannuna ya shafa yatsuna, ya ce, "Habu, yanzu kana zare zaren kafin ka yanka?" A nan na gane ya san komai tun ranar farko. Wannan ce damar da Allah ya ba ni in nemi gafara. Na ce masa e, na tambaye shi ko ya sha magani, na tashi na tafi.

Me ya rage na Kawu? Kekensa an sayar, sunan da aka fi tuna shi da shi a Sharada kuwa ni na jawo masa. Ƙyallen nan yana wurina. Na wanke shi ya fi a ƙirga, ina neman ranar da zai murɗe in sami uzuri, ya ƙi.

'Yarsa Rabi har gobe tana cewa makanta ce ta raba babanta da aiki, duk Sallah kuma tana aiko mini da tuwo. Rabi, babanki bai ɓata yadi ko ɗaya ba. Ni na yanka shi a karkace. Zan kawo miki ƙyallen ki auna da kanki. Allah ya jiƙan Kawu, ni kuma kada ki yi saurin yafe mini.