Layin da ya cinye ruwan Kawu

Lokacin dashen albasa ne, ina aiki a ofishin ƙungiyar manoman rani a Goronyo. Ni ke riƙe da kwamfutar da ke fidda jerin ban-ruwa, wato wa za a buɗe wa kwata yau, wa sai mako mai zuwa. Rumbun bayanan ya fara yi mana iskanci, yana maƙalewa, sai anka aiko mana daga Sakkwato da manhajar gano matsala, haɗe da takardar yadda ake girka ta.

Na bi takardar layi-layi. Ta ce a haɗa manhajar da kwafin gwaji na rumbun, ta ba da adireshi. Na saka. Ashe adireshin na ainihin rumbun ne! Kuma aikin farko da manhajar ke yi shi ne haɗe sunayen da ta ga sun maimaitu. To, a wajenmu kuwa, mutum da takwaransa, uba ma suna ɗaya, ƙauye ɗaya, ai ba abin mamaki ba ne. Da laƙabi muke rarrabe su, ita kuwa ina ruwanta da laƙabi.

Ban farga ba har mai buɗe kwata ya karɓi jerin ranar ya hau babur.

Hantsi ya ɗaga sai ga kawuna daga Giyawa, ƙafa duk laka.

"Kai, mi na yi muku? Ruwa ya wuce gonata."

Na duba jerin, babu shi. An narkar da shi cikin takwaransa. Na kira mai buɗe kwata, waya ba ta shiga. Na kira wanda ya rubuta takardar, ya ce, "Ayya, kuskuren kwafi ne, ka gyara layin."

Kuskuren kwafi! Na ji kamar in jefar da wayar.

Na maido da rumbun daga ajiyar jiya, na goge adireshin banzan nan daga takardar, na rubuta na kwafin gwajin, na ƙara gargaɗi kan takwarori da manyan baƙaƙe. Kawu na tsaye bakin ƙofa, ya ƙi zama.

"Kawu, sunanka ya dawo," na ce.

"Ruwan fa?"

An riga an rufe kwatar ɓangarensu, sai wani makon. Ya kakkaɓe hularsa, ya tambaye ni ko ofishinmu na da bokitin aro.