Goron da Mma Lariba Ba Ta Raba Ba

Kafin masu koko su sauke tukunya, Mma Lariba ta riga ta yayyafa wa goronta ruwa, ta lulluɓe shi da ganye, ta ɗora tire a ka. Daga nan sai lungu. Duk wanda ya tashi a unguwar Nima ko Mamobi ya san takunta: silifas ɗaya na tafiya, ɗaya na ja, saboda gwiwar hagu. Sana'arta gayyata. Suna ne, ɗaurin aure ne, addu'ar mamaci ce, ita ake ba goro ta bi gida-gida. A unguwanninmu na Zango kuwa, wanda ya miƙa hannu ya karɓi goro ya ɗauki alkawari. Ko ruwa ake shekawa, ko babbar kwata ta tumbatsa, sai ya je.

Yanzu gwiwar ta ce ta gaji. Watan jiya ta ajiye tire. Ba a yi mata taro ba, ita da ta cika wa kowa nasa. Shi ya sa na rubuta wannan. Ni ba mai yawan magana ba ne. Amma babana, Garuba direba, yana raye, kuma da ba don ita ba da wani labarin ake yi.

Shekarun baya hawan jini ya yi ta ɗibar mutanenmu. Mutum yana alwala sai ya kife. Haka ta faru da Baba Osumanu, wan babana. Wasu su ce iska, wasu su ce sammu. Sai hukumar lafiya ta fito da shiri, ta ce asibiti kaɗai ba zai iya ba, a haɗa hannu da mutanen unguwa. Aka kafa kwamiti: Nas Hafsa daga asibitin unguwa, liman, asambiliman (wato kansilan unguwa), samarin da ke zaman shan shayin ataya a bakin titi, sai Mma Lariba a madadin ƙungiyar mata.

Suka sa ranar awon jini kyauta. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka yi sanarwa a lasifikar masallaci. Ranar ta zo. Kujeru suka sha rana, akuya ta samu inuwa.

A zaman da ya biyo baya kowa ya nuna wani. Asambiliman ya ce liman ya yi sanarwa lokacin da jama'a ke neman takalmansu. Liman ya ce ai shi ba mai talla ba ne. Samari suka ce, "Chale, ɗan'uwa, mu ba mu ƙara ɗaukar kujerar kowa." Nas Hafsa ta fara naɗe na'urarta ta awon jini. Shirin ya kusa mutuwa a nan.

Mma Lariba ta gyara mayafi. "To wa aka gayyata?"

"Kowa da kowa, Mma," in ji asambiliman.

"Abin da aka kira kowa, ai ba a kira kowa ba. Wa ya shiga gida ya yi sallama? Wa ya ba da goro?"

Nas Hafsa ta yi dariya har ta dafa tebur. A Mamobi aka haife ta. "Mma, ke kika raba goron sunana, amma na manta."

Aka sake lale. Masu sayar da goro suka ba da kwando, liman ya sa masa albarka, samari suka koma ga kujerunsu suna ƙunƙuni. Ita kuma ta shiga lungu.

A lokacin babana yana fama da kai. Ƙeya na sara, idanu jajir. Sai ya sayi ƙwaya a kemis, ya bi ta da goro, ya hau babbar mota zuwa arewa ɗauko doya ya sauke a kasuwar Agbogbloshie. Mamata, Adiza, ta yi magana har ta gaji. Cewa yake wanda ya je asibiti da ƙafarsa ciwo ya je nema. Duk tafiyar da ya yi, in waya ta yi ƙara a gidanmu, sai kowa ya kalli ɗan'uwansa kafin a ɗauka.

Shi da Mma Lariba taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Ran nan sai ga ta a gidanmu da tire, ta ƙwala masa kira.

"Bawana, fito ka karɓi saƙo."

"Tsohuwa, ashe har yanzu kina nan? Goron wa kuma?"

"Na awon jini. Asabar, ƙofar masallaci."

Babana ya zura hannayensa biyu cikin aljihu. "Asabar ina hanyar Tamale. Doya ba ta jiran nas."

"Doya ba ta da 'ya'ya, Garuba."

"Ni lafiyata lau. Ki kai wa masu ciwo."

Ta sauke tiren, ta zauna a benci tana matsa gwiwa. Dariyar ta bar fuskarta.

"Ni na raba goron aurenka da Adiza. Na raba na sunan 'ya'yanka duka. Na raba na addu'ar Osumanu, ina tafiya ina kuka, mutane na cewa goron ya jiƙe. Saura goro guda a gidan nan da ban raba ba. Ka san na wane ne. Kada ka sa ni."

Mamata ta bar tankaɗe. Babana ya dubi goron. Sannan ya zaro hannun dama.

Asabar rumfa ta cika har ana tsaye. Shi ya zo ƙarshe, da makullin mota a hannu, ya ce alkawari kawai ya zo saukewa. Nas Hafsa ta ɗaura masa na'ura. Ta duba. Ta kwance, ta ɗaura a ɗaya hannun. Ta sake dubawa.

"Baba, yau ba Tamale."

Ya fara musu. Liman ya zauna kusa da shi, ya karɓi makullin kamar zai duba, bai mayar ba. Asambiliman ya kira mai motar ya yi masa bayani. Samarin ataya suka nemo wani direba kafin azahar. Nas Hafsa da kanta ta sa shi a tasi. A asibiti likita ya ce da ya kama hanya a haka, Allah kaɗai ya san inda motar za ta tsaya.

Aka ɗora shi a kan magani, aka rage masa gishiri. Goro ma aka ce ya bar shi.

"Da goro ta kamo ni, aka kuma raba ni da goro," in ji shi. "Wannan matar ba ta taɓa nufina da alheri ba."

Tun daga nan shirin ya tsaya da ƙafarsa. Duk wata ana awo. Kwamitin bai daina faɗa ba, amma bai watse ba. Zelia mai wake da shinkafa ta ce Mma ta yi mata sintiri har sai da ta rage gishirin tukunyarta. Imurana mahauci ya ce ta tsaya a gaban teburinsa ta hana shi ciniki sai da ya karɓi goro. Ba babana kaɗai ba ne. Nasa ne dai na gani da idona.

Mma, ke ce mai dogon sawu. Ba ki iya karanta abin da na'ura ke nunawa ba, ba ki kuma taɓa cewa kin iya ba. Nas tana da na'ura, liman yana da mumbari, samari suna da ƙarfi. Ke ce kika san ƙofa. Mun gode. Allah ya sanyaya gwiwar nan, ya sa abin da kika taka ya zama haske a gabanki.

Mu da muka rage, tiren yana nan. Ba sai mun jira a kafa kwamiti ba. Kowa yana da wani mai taurin kai a gidansu. Ka je, ka yi sallama, ka zauna, kada ka tashi sai ya miƙo hannu.

Babana ya riga mu. Ran Alhamis yakan cika aljihu da goron da ba shi da ikon ci, ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya a tashar doya. Da ya gama sai ya biya ta gidanta ya leƙa ta taga.

"Tsohuwa, har yanzu kina nan?"

"Ina nan, bawana. Kai ma ga ka nan."