Ranar da Na'ura Ta Yi Kuka a Ɗakin Haboba

A wajen aikinmu na Alƙahira, abu na farko da ake koya wa mutum shi ne zargin na'ura. Na zo ne daga gida in yi shekara ina koyon gyara da saitin na'urorin da ake ba jami'an kan iyaka da tashoshin jiragen ruwa, na'urori masu kuka idan sun ji tururin nukiliya a cikin kaya. Malaminmu, wani Bamisire mai gajen haƙuri, kullum maganarsa ɗaya ce: in ta yi kuka a duba batir, a duba waya, a duba ƙura, kafin a tayar wa jama'a da hankali. Ni kuwa da son a ce na iya, na haddace wannan fiye da kowa.

Idan muka gama saita ƙaramar na'ura ta aljihu, akan ba mutum ya yi kwana biyu yana yawo da ita, a ga ko za ta yi ƙarya. Haka na jefa ɗaya a jakata, na hau ƙaramar bas ɗin da suke kira mikrobas zuwa unguwar Hayyin Ashir inda muke haya. Maigidana yana karatu a unguwar Darrasa, ba ya dawowa sai magariba, don haka ɗana ɗan wata bakwai yana wuni ne a hannun maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da kowa ke kira Haboba, wato kaka. Kwana uku ta yi ba ta nan, ta ce za ta asibiti a kan maƙoƙon da ke wuyanta. Ran nan ta dawo ta karɓi ɗanta, kamar yadda take kiransa.

Ina taka matakalar hawa na uku jakata ta fara ƙyat-ƙyat. Na yi tsaki, na ce lallai na ɓata saitin, gobe zan sha faɗa. Ina yin sallama a ƙofar Haboba sai kukan ya haɗe ya zama ɗaya.

Tana zaune a kan darduma, yaron na barci a ƙirjinta, kansa daidai ƙarƙashin haɓarta. Ni kuwa zama na yi na ciro batir. Na goge shi da gefen mayafi na mayar. Na kashe na kunna. Na fita baranda, kuka ya lafa. Na dawo, ya tashi. Sai da na yi haka sau biyu kafin na yarda cewa na'urar lafiyarta lau.

"Wannan wayar taki ba ta gajiya?" in ji Haboba.

Na ce, "Haboba, me suka ba ki a asibiti?"

"Kafso ɗaya tak, 'yata. Suka rufe ni a ɗaki ni kaɗai kamar mai laifi. Khalas, shi ke nan, sun sallame ni."

Nan take na gane. Sinadarin aidin ne mai tururin nukiliya da ake ba masu ciwon maƙoƙo. Yana taruwa a wuya, yana fita ta gumi da yawu, kuma jariri ne ya fi kowa shiga haɗari. Ga shi tun safe yaron yake jikinta.

Sai dai shi ɗan fari ne. A gidanmu ba a taɓa ganin uwa ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban manya ba. Ko sunansa ban taɓa faɗa a gabanta ba, ita ke miƙo mini shi tana tsokanata, ni ina kawar da kai. Na tsaya ina neman kalmar ladabi, na'ura na ta ihu a hannuna, kalmar ta ƙi zuwa. Ban san lokacin da na sunkuya na fizge shi daga ƙirjinta ba, har zanin da ta lulluɓe shi ya faɗi. Na kira sunansa da ƙarfi.

Haboba ta bi ni da ido, hannuwanta a buɗe yadda na bar su. Can ta ce a hankali, "Sun ce in nisanci yara. Na ga in ban karɓe shi ba za ki rasa aikinki. Ma'alish, yi haƙuri."

Na nufi ɗakinmu da shi. Na tuɓe masa kaya a banɗaki, na wanke shi yana tsala kuka, ni ma ina yi. Na kira malaminmu, ya ce, "Yalla, maza asibiti, yanzu." A can suka ɗora tasu na'urar a wuyansa. Ban taɓa kallon allo da tsoro irin na ranar ba, ni da kallon allo ne sana'ata. Likitar ta ce abin da ya samu kaɗan ne, amma a dawo da shi a sake dubawa. Na riƙe kalmar "kaɗan", na kasa riƙe sauran.

Bayan haka kullum in na dawo sai in tsaya a ƙofarta da na'ura. Ba ta taɓa yi mini maganar fizgar ba, ni ma kunya ta hana ni. Takan tsaya daga nesa ta leƙa fuskarsa ta ce, "Ya yi ƙiba." Kukan na'urar yana raguwa a hankali, har ranar da na kai ta daf da wuyanta ta yi shiru. Likita ma ta ce komai ya wuce.

Na kwance goyo na miƙa mata shi da hannu biyu, ina sunkuyar da kai. Ta miƙo hannu, har yatsunta sun taɓa rigarsa, sai ta janye ta ɓoye su a bayanta.

Ta ce, "Sake auna ni tukuna, 'yata."