Gonar Koci Isyaku, Filin 'Yan Gyaɗa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kademi zuwa Balan da sassafe bayan an cire gyaɗa ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dogon mutum ne siriri, manjagara a kafaɗa, buhun toka ɗaure a bayan keke. In ya fito daga masallaci ba ya komawa gida karyawa. Gona yake nufa, ya jingine keken a gindin darbejiya, ya tuɓe takalmi, ya soma zagaya wurin a hankali. In tsidau ya soke shi sai ya sunkuya ya tsince, ya ce gara ƙafarsa da ta yaro. In ya iske ramin da masu roron gyaɗa suka tona, ya cike shi ya daddanne da diddige. Sannan ya kwance buhun, ya bi layi yana zuba toka da gwangwani har filin ƙwallo ya fito fes. Kafin rana ta yi zafi ya gama, ya wuce rumfarsa ta facin keke a bakin kasuwa.

Malam Isyaku ke nan, wanda Kademi ta fi sani da Koci. Bana babu wanda ya gan shi a hanyar nan. Yana kwance a gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ƙungiyar da ya rena fiye da shekara talatin kuma ba ta da filin da za ta buga wasa. In ba ta samu ba kafin a buɗe gasa, za a cire sunanta, shi ke nan an rufe babinta. Mu mutane ne da muka iya yabon mutum ranar jana'izarsa, lokacin da kunnensa ya daina ji. Ni dai ba zan jira wannan ranar ba.

Farkon abin, yaran Kademi a bayan firamare suke buga ƙwallon tsumma. Da aka gina ƙarin ajujuwa a wurin sai suka koma kan titi, har ranar da wata motar ɗaukar hatsi ta karya ƙafar ɗayansu. Malam Isyaku yana rumfarsa abin ya faru a gabansa. Ya taɓa tsaron raga a Gaya yana saurayi, yana kuma da gonar da ya gada a bakin hanya, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma. Ya tara yaran ya ce: "Ku zo ku taya ni cirar gyaɗa, mu baje kunyoyin. Fili naku ne har ruwa ya sauka." Suka zo da fartanyoyin iyayensu. Ya kafa turakun raga da azarar giginya don kada gara ta ci, ya raɗa wa ƙungiyar suna Matasan Manoma. Samarin cikin Gaya suka dinga yi musu ba'a suna ce musu 'Yan Gyaɗa, har sunan ya bi su, su ma suka rungume shi.

Wanda ba manomi ba ne zai ɗauka aron fili aka yi, abu mai sauƙi. To bari in faɗa masa abin da aron nan ya ci. Dawa da wake suna daɗewa a gona, sai an shiga sanyi ake girbe su, gasa kuwa ba ta jira. Don haka Malam Isyaku ya daina shuka su. Gyaɗa 'yar Dakar kawai yake sawa, mai saurin nuna, don a cire da wuri a ba yara wuri. Da rani maƙwabtansa suna kai taki, suna barin shanun Fulani su kwana a gonakinsu, shi babu hali, don ba a buga ƙwallo a kan kashin shanu. Ƙafafun 'yan wasa kuma suna daddaɓe ƙasar har ta yi tauri, masu garmar shanu su yi ta mita in sun zo huɗa. Kullum shi ne na ƙarshen shuka, shi ne na farkon cira, amfanin kuma yana raguwa shekara bayan shekara.

Matarsa, Inna Sabuwa, ita ta fi kowa sanin lissafin nan, domin ita ke buɗe rumbu. Na tambaye ta yadda ta ji a lokacin, sai ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Rumbun maƙwabta dawa, namu ƙwallo," in ji ta. "Na ce masa, Malam, ƙwallo ake tuƙawa a gidan nan? Ya ce in yi haƙuri, baɗi za su sami filinsu. Baɗin nan har na yi jikoki ba ta zo ba."

Duk da mitar, ita ce ke bin gidajen unguwa tana tara tokar murhu don zanen layi, ita ce ke wanke jesi a bakin rijiya. Ban taɓa jin an ambaci sunanta a lasifika ranar ba da kofi ba, don haka na ambata a nan.

'Yan Gyaɗa sun yi abin a zo a gani. Nasararsu ta farko a waje, a Ajingi suka same ta ranar kasuwa, ci biyu da ɗaya, rabinsu babu takalmi. Suka dawo a bayan a-kori-kurar Baffa Kabo, direban da ya yi ta jigilarsu tsawon shekaru, suna waƙa tun daga tasha har ƙofar gidan dagaci. Daga baya suka ɗauko kofin ƙaramar hukuma, suka sake ɗaukowa, suka shiga ƙaramin rukunin gasar jiha inda ake karawa da ƙungiyoyin garuruwan da suka ninka Kademi girma. An yi wasu shekaru a jere ba wanda ya zo filin nan ya ci su, har baƙi suka fara cewa an binne asiri a gindin raga.

"Asirin me?" in ji Baffa Kabo da na tuna masa. "Gona ce fa! Duk yadda aka baje ta, sawun huɗa yana nan. Yaranmu sun san inda ƙwallo ke tsalle, baƙo kuwa sai ya kai ƙafa ya shuri iska. Wallahi mun sha dariya a filin nan."

Amma ƙaramar ƙungiya tana da wani ciwo da babba ba ta sani ba. Duk yaron da ya goge, tafiya zai yi. Koci ya ɗauko shi yana majina, ya koya masa tare ƙwallo da bayarwa, ya hana shi yawon banza, ya kora shi makaranta in ya gan shi a fili lokacin darasi. Ranar da ya zama abin kallo, ranar ce wata ƙungiyar birni za ta zo ta ɗauke. Haka ya yi ta renon yara yana miƙawa, ya koma ya ɗauko wasu daga farko, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Kai ne, Koci, ke dafa wa wasu su ci. Kai ne mai facin da ya ɗinke ƙwallo ɗaya har fatarta ta asali ta ɓace a cikin faci. Uban yaran wasu, mai gonar da kowa ya ci sai mai ita.

Sai shekarar da ba a mantawa. 'Yan Gyaɗa suka kai wasan ƙarshe, wanda duk ƙungiyar da ta ci za ta haura rukuni na sama. Wani ɗan siyasa mai neman ƙuri'a ya zo ya tsaya a tsakiyar fili ya yi alkawari a gaban jama'a: in suka haura, zai saya musu fili na kansu, ya zagaye da katanga. Kowa ya yi tafi don katangar. Mutum biyu ne kawai suka ji wani abu daban a maganar, Koci da Inna Sabuwa, domin ma'anarta a wurinsu ita ce gona za ta dawo gona, dawa za ta koma rumbu.

Ƙarfin ƙungiyar a lokacin yana ƙafar yaro ɗaya, Sharfaddeen, ɗan wasan gaba, maraya, mahaifiyarsa tana sayar da ƙuli-ƙuli. Ana saura kwanaki kaɗan wasan, wakilin wata babbar ƙungiya ya zo daga Kano ya ce ana tantance sababbin 'yan wasa ranar Asabar, ranar wasan ƙarshen ke nan, wanda bai zo ba kuma ba za a jira shi ba. Dattawan gari suka cika rumfar faci. Wani ya ce a ɓoye wa yaron saƙon, wani ya ce a ce masa an ɗaga. Baffa Kabo yana wurin, shi ya ba ni labarin amsar da Koci ya bayar yana riƙe da tayar keke.

"Kofi ƙarfe ne," ya ce. "Baɗi ma akwai wani. Yaron nan kuwa ƙofa ɗaya aka buɗe masa. In na rufe ta don gonata, me zan ce wa uwarsa?"

Sharfaddeen da kansa ya ce ba zai tafi ba. Koci ya ɗora shi a bayan keke ya kai shi tasha, ya tsaya har motar Kano ta tashi. Da yamma aka ci 'Yan Gyaɗa ɗaya da nema. Ɗan siyasar ya shiga motarsa tun kafin a busa tashi, maganar fili kuma ta bi shi.

Abin da ya biyo baya har yau yana ƙona mini rai. Aka ce Koci ya sayar da yaro, ya sayar da gari. Mutanen da ba su taɓa ɗaga fartanya a filin nan ba, waɗanda ba a ganinsu sai ranar ɗaukar hoto da kofi, su ne suka fi ɗaga murya. Wasu suka daina kai masa faci, wasu suka daina amsa sallamarsa. Ya sayar, to ina kuɗin? Keken nan dai shi ne keken. Da kaka ta zagayo, ya ɗauki manjagararsa ya je ya baje kunyoyi kamar ba a yi komai ba, 'ya'yan masu zagin nasa suka zo suka buga.

Sharfaddeen ya yi 'yan shekaru yana wasa a birni kafin gwiwa ta ajiye shi. Bai yi sunan da aka zata ba, amma ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki, ya buɗe shago a Kano, ƙannensa sun yi karatu. 'Yan Gyaɗa kuwa ba su sake kai wasan ƙarshe ba.

Bara ana tsakiyar zanen layi ciwon ya kayar da Koci, gwangwanin toka a hannunsa. Nauyin gida ya koma kan ɗansa Muzammil, ga magani, ga bakuna da yawa. Da damina ta sauka, Muzammil ya shiga ɗakin mahaifinsa ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Bana dawa zan sa."

Koci ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya gyaɗa kai. Kada wanda ya kuskura ya zargi Muzammil a gabana. Gonar ubansa ce, ya kuma girma yana ganin uwarsa tana auno hatsi a kasuwa alhali suna da gona a bakin hanya.

Makon jiya Sharfaddeen ya zo dubiya, na raka shi. Koci ya ce yana so a kai shi ya ga gonar. Maganarsa yanzu a hankali take fita, sai an kasa kunne. Muka sa shi a mota, muka riƙe shi ta kowane gefe har bakin gonar. Dawa ta yi tsayi ta rufe ko'ina, zangarniya ta sunkuyo. Babu layi, babu tsakiyar fili. Amma can a cikin karan muka hango turakun giginya a tsaye. Muzammil bai tuge su ba, kewaye su ya sa aka yi da garma. Sharfaddeen ya juya baya yana share ido da hularsa. Koci ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kamo zangarniya ɗaya, ya jinjina nauyinta, ya daɗe bai saki ba.

"Dawar ta yi kyau," ya ce. "Ashe ƙasar ba ta mutu ba." Sannan ya ɗago ya dube ni. "To yaran fa, a ina suke bugawa?"

Na san amsar. Sun koma kan titi.

Mun gode, Koci. Mun gode da shekarun da ka ci tuwon awo don 'ya'yanmu su sami wurin gudu. Mun gode da ƙayar da ka tsince da tafin ƙafarka, da zagin da ka haɗiye, da yaron da ka sa a mota kana sane da abin da tafiyarsa za ta ci maka. Allah ya ba ka lafiya, ya sa abin da ka shuka a gonar nan ya tarar da kai a mizani. Ke ma Inna Sabuwa, Allah ya saka miki.

Ku kuma mutanen Kademi da Balan, da ku 'yan Gaya da Ajingi da kuka taɓa shan kashi a filin nan kuka koma gida kuna dariya, hannu ɗaya ya ɗauki jinkar nan shekara talatin, yanzu hannun ya shanye. Akwai masu filayen da ko akuya ba ta kiwo a ciki. Akwai tsofaffin 'Yan Gyaɗa a ofisoshi da kasuwanni daga nan har Kano. Ba katanga ake nema ba, wuri ne shimfiɗaɗɗe da mutum ɗaya mai zuciya irin ta Malam Isyaku, kafin a buɗe gasa. Muzammil ya ce duk wanda ya ba da fili ya sanar da shi, zai tuge turakun ya kai su da kansa. Inna Sabuwa kuma ta ce in faɗa muku har yanzu hannunta bai daina tara toka ba. Tana nan cikin buhu a zaure, ba a san inda za a zuba ta ba.