Na Bakwai a Jerin Mutum Shida

Jama'a, ku zo ku ji. Da safen nan ina shan koko aka kira ni daga ofis, wai in kawo fasfo, sunana ya shiga cikin waɗanda za su tafi kwas ɗin tuƙa sabon jirgin sama.

Na ce wa mai kiran ta sake dubawa, ƙila wani Nura ne. Ta ce, "Kai ne dai. Kyaftin Garba ya janye sunansa."

Wallahi sai da na ajiye kofin.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan harkarmu ba bayani. Jiragen kamfaninmu sun tsufa, ƙarshen watan nan za a ajiye su. Kowane samfurin jirgi kuma da takardar shedarsa, in ba ka yi kwas ɗinsa ba, ko shekara talatin ka yi a sama ba za ka taɓa shi ba. Da farko kamfani cewa ya yi zai ɗauko hayar sababbin jiragen har da matuƙansu daga waje, mu kuma kowa ya kama gabansa. Aka yi ta zama, aka yi ta kai ruwa rana, Kyaftin Garba ne bakinmu a wurin. Da ƙyar aka yarda za a horar da mutum shida a cikinmu, a bi wanda ya riga wani shiga aiki.

Shi ne na ɗaya. Ni ne na bakwai.

Shekara shida ina zama a damansa a matsayin mataimaki. Mutumin nan bai iya yabo ba, ko kaɗan. Ranar da na fara sauke jirgi a gabansa, muka bugi ƙasa da ɗan ƙarfi, sai ya juyo a hankali ya kira ni da sunan unguwarmu, ya ce, "Ɗan Rigasa, sauke mu ka yi ko jefar da mu?" Har yau abokan aiki ba su daina tsokanata da maganar ba.

Amma kullum dambun naman da Hajiyarsa ke ƙullo masa kashi biyu ne, ɗaya nawa. Da aka kwantar da mahaifina a asibiti, shi ya karɓi tafiye-tafiyena na mako guda, bai ko faɗa min ba, a jadawali na gani.

Tsohon jirginmu kuwa Hajiya Babba yake ce mata. Kafin ya hau sai ya shafa gefenta ya ce, "Yau ma a yi haƙuri da mu." Duk da haka na san yadda yake ɗokin sabon. Littafinsa na cikin jakarsa tun bara, duk ya ja masa layi da jan biro kamar mai shirin jarrabawa.

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci na bi shi gida Unguwar Dosa, cikina cike da magana. Na same shi a bayan gida yana ba talo-talonsa dusa. Na zazzage masa komai: ga iyali, ga ƙannena biyu a makaranta, ni kuma ban iya wata sana'a ba sai tuƙin nan.

Ya ce, "Na nawa kake?"

Na ce na bakwai.

"Su nawa za a ɗauka?"

Na ce shida.

Ya ce, "Uhm. Miƙo min bokitin can."

Shi ke nan fa! Na koma gida ina huci, har na ce wa matata tsohon nan talo-talonsa sun fi mu daraja a wurinsa. Allah Ya yafe min wannan bakin nawa.

Ɗazu na kira Kyaftin. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa?"

Ya ce, "Shekara biyu suka rage min in ajiye aiki. Kai talatin ne a gabanka. Ko lissafin ma sai na koya maka?"

Na ce to ai in an ajiye tsofaffin jiragen, shi ke nan ya gama tashi.

Ya ce, "Na tashi ya ishe ni. Ka daina min kuka a kunne, ka je ka nemo fasfonka. Kuma kada in ji ka baza ni a waya duniya ta gani."

Kyaftin, ka yi haƙuri. Shekara shida ban taɓa ƙin bin umarninka ba, na yau ne kawai ba zan iya ba.

Ina cikin farin ciki, ba zan ɓoye ba. Matata har guɗa ta yi, maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko haihuwa aka yi. Sai dai akwai 'yan'uwanmu huɗu da ke ƙasa da ni a jerin, har yanzu ba su san makomarsu ba, ku sa su a addu'a.

Shi kuma Kyaftin Garba, Allah Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan mahaifansa, Ya sa 'ya'yansa su sami mai yi musu abin da ya yi min. Don Allah duk wanda ya karanta ya ce amin, da yawa, yadda in ya zo yi min faɗa zai tarar an riga an gama.