Wata Guda Ina Zagaye Fuskar Murmushi

Ko na tsufa har na soma rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da takardar nan mai fuskoki. Lokacin mahaifiyata, Inna, tana fama da ciwon daji a mama. Ni ke jinyarta a gidanmu na Toranke, duk wata mu hau mota daga Ajingi zuwa asibiti a Kano.

A can ne wata nas ta tsayar da mu. Ta ce suna bincike kan yadda masu wannan ciwo ke ji bayan sun koma gida, don a da abin da aka gani a gadon asibiti kaɗai aka sani. Ta ba ni takarda mai fuskoki a jere, daga mai murmushi har mai hawaye, ta ce kullum in tambayi Inna, in zagaye wadda ta dace. Da ita likita zai san yawan maganin rage zafin da zai ba ta.

Ni da firamare kawai na yi, ga ni da fargabar tsiya, sai na ɗauki abin kamar jarrabawa. Leda biyu na sa wa takardar. Kowace safiya in durƙusa in ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, Alhamdu lillahi." Sai in zagaye mai murmushi. Ina ganin tana cije leɓe in za ta juya, amma ina tsoron in zagaye abin da ba ta faɗa ba, in zama na yi wa uwata ƙarya.

Da muka koma, nas ɗin ta duba takardar, ta dube ni.

"Yaya, wata guda cur Inna na murmushi? Ni da nake lafiya ma ban yi haka ba."

Na tambaye ta ko na faɗi jarrabawar ne. Ta yi dariya, ta ce ba ni kaɗai ba ce, kuma irin wannan ne suke so su gano. Ta zauna kusa da Inna, ba ta tambayi jiki ba. Ta tambaye ta a tsaye take salla ko a zaune. Inna, da yake Bafulatana ce mai kunyar nuna ciwo, ta kawar da kai, can ta ce a kwance, yau kwana goma. Fura ma, ta ce cokali biyu take sha.

Ranar likita ya canza mata magani. Bayan mako guda na tarar da ita zaune a kan dadduma, tana yi mini faɗa wai miyar kukata ba gishiri.

Abin da na koya shi ne, a wurinmu "da sauƙi" gaisuwa ce da godiya ga Allah. Mai jinya ya amsa ta da ladabi, sannan ya tambayi abin da majinyaci ya daina iya yi.